Daga Jirgin Gida Zuwa Jirgin Waje: Yadda Za Ka Cim Ma Jirginka Idan Lokaci Ya Ƙure

Wata shekara cikin hunturu na raka kawuna neman magani ƙasar waje. Jirginmu zai tashi daga Legas ƙarfe goma na dare, ni kuma na yankar mana tikitin Kano zuwa Legas na ƙarfe uku na rana. A lissafina za mu sauka huɗu da rabi, muna da awa biyar da rabi a hannu, har mu ci abinci mu huta. Tun safe hazo ya rufe gari. Aka ɗaga tashinmu zuwa biyar, aka sake ɗagawa zuwa shida da rabi. Mun taɓa ƙasa a Legas ƙarfe takwas, akwatunanmu ba su fito ba sai takwas da minti arba'in, muka faɗa tasi, muka tarar da cunkoso. Da muka isa kantar awon kaya agogo ya nuna tara da minti goma sha biyu, an riga an kashe allon da ke saman kantar, ma'aikaciyar tana tattara takardunta. Kawu ya dogara da sandarsa ya dube ni ya ce, "To ɗana, ai an ce sai goma zai tashi." Gaskiyarsa, jirgin yana nan a ƙasa. Kantar ce aka rufe tun tara, kuma rufewarta ita ce tashin jirgi ga wanda bai auna kaya ba.

Abin da ya same mu a daren nan shi ke samun mutane da yawa da ke tasowa daga Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yola ko Katsina su bi ta Legas ko Abuja zuwa waje. Ga yadda nake shirya irin wannan tafiya tun daga lokacin.

Fara da duba tikitinka: ɗaya ne ko biyu?

Duk sauran bayanin da zai biyo baya a kan wannan tambaya ya rataya. Idan ka sayi tafiyar gaba ɗaya a tikiti ɗaya, da lambar bukin (wato lambar rajistar tikiti) ɗaya tun daga garinku har inda za ka, kamfanin ya ɗauki alkawarin kai ka can. Ba zai sayar maka da haɗin da ya gaza mafi ƙarancin lokacin canjin jirgi da aka ƙayyade wa filin ba, kuma in jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, nauyinsa ne ya sa ka a jirgi na gaba ba tare da ka ƙara kuɗin tikiti ba.

Idan kuwa tikiti biyu ne, ka sayi na gida daban, na waje daban, to a idon kamfanin waje kai fasinja ne da ya taso daga gidansa a Ikeja ya makara. Ba ruwansa da hazon Kano. Kamfanin gida kuma zai ce alkawarinsa ya kai ka Legas ne, kuma ya kai ka. Asarar ta zama taka kai kaɗai. Akwai abin da ya fi wannan ciwo: a yawancin kamfanoni, in ba ka hau zangon farko na tikiti ba, kwamfuta tana soke sauran zangunan, har da na dawowa.

Mafi yawanmu tikiti biyu muke riƙewa ba tare da mun sani ba, domin ejan, wato dillalin tikiti, yakan buga su a takarda ɗaya ya miƙo mana. Kada takardar ta ruɗe ka. Duba lambar bukin, wato haruffa da lambobi guda shida da ke sama. In ka ga iri biyu, tikiti biyu gare ka. Ka tambayi ejan kai tsaye: "Malam, in jirgin Kano ya makara na rasa na Legas, wa zai biya?" Amsar da ya ba ka za ta nuna maka inda ka tsaya.

Kafin ka biya kuɗi, ka bincika ko akwai hanyar kauce wa haɗin gaba ɗaya. Kamfanoni irin su Ethiopian, EgyptAir da Saudia sun daɗe suna sauka a filin Malam Aminu Kano, Qatar Airways ma ta fara zuwa Kano a 2022. Air Peace, wadda ke zirga-zirgar cikin gida, ta fara zuwa Landan daga Legas a watan Maris na 2024, don haka ana iya samun zangon gida da na waje a hannun kamfani ɗaya. Sau da yawa tikitin da ya tashi daga Kano kai tsaye ya ɗan fi tsada, amma in ka haɗa kuɗin jirgin Legas, da tasi, da kuɗin ƙarin kaya, da otal, sai ka ga bambancin ya narke. In da tsoho ko mara lafiya a tafiyar, ni ba na ma tsayawa lissafi.

Yi lissafi daga baya, ba daga gaba ba

Kuskurena a waccan tafiya shi ne na ƙirga daga saukarmu zuwa tashin jirgi. Lokacin tashi ba naka ba ne. Lokacinka yana ƙarewa ne a daidai sa'ar da ake rufe kantar awon kaya, wanda a jiragen waje yawanci awa ɗaya ne kafin tashi, wasu kamfanonin ma sun fi haka. Ƙofar shiga jirgi kuma ana rufe ta minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin tashi. Ka duba ƙa'idar kamfaninka a jikin tikiti ko a shafinsu, ka rubuta lokacin a takarda.

Mu ɗauki jirgin ƙarfe goma na dare daga Legas. Kanta za ta rufe tara. Ba ka son isa bakin rufewa, domin layin jiragen dare yana da tsawo, kuma kafin ka kai ga mai awon kaya akwai masu duba fasfo da biza. Ka ce kana son shiga layi bakwai da rabi. Cire minti arba'in da biyar na fita daga tashar gida, neman mota da hanya, ka koma bakwai saura kwata. Cire minti arba'in na jiran akwati, ka koma shida da minti biyar. Cire kwata na fitowa daga jirgi, musamman in da bas za a kwaso ku. Ke nan dole tayar jirginka ta taɓa ƙasa kafin shida saura minti goma, kuma wannan in komai ya tafi daidai ne. Yanzu sai ka ƙara ratar jinkiri. Ni da tikiti biyu ba na yarda da ƙasa da awa uku, a hunturu kuwa ina ninkawa. Lissafin ya kai ka ga jirgin da zai sauka kafin uku na rana, wato jirgin safe ko na hantsi.

Wani tarko da ke kama har waɗanda suka saba tafiya: jirgin da aka rubuta 00:30 ranar Laraba, ranar Talata da dare ake zuwa masa. Wanda ya bari sai Laraba da dare, jirginsa ya yi kwana ɗaya da tafiya. Kuma duk lokacin da ke jikin tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Saudiyya da Habasha suna gaban Najeriya da awa biyu, Dubai da awa uku.

San filin da za ka canza jirgi

Legas da Abuja ba ɗaya ba ne. A filin Murtala Muhammed, jiragen gida suna sauka a tasha biyu: MMA2, wadda aka buɗe a 2007 kuma kamfanin Bi-Courtney ke gudanarwa, da tsohuwar tashar da ake kira GAT, wadda ke hannun FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa. Ɓangaren ƙasashen waje yana can wani gefe na filin, da tsohon ginin 1979 da sabon da aka buɗe a 2022. Ba wurin da za ka ja akwati ka taka ba ne. Sai ka fito waje, ka shiga mota, ka bi titin da sauran jama'ar gari ke bi. In hanya a sake take, tafiyar ba ta da nisa, amma da yamma lokacin tashi daga aiki, ko in ruwan sama ya sauka, tana iya cinye maka abin da ba ka yi zato ba. Ka tabbatar tun kafin ranar a wace tasha jirginka na gida zai sauka, kuma a wane gini kamfaninka na waje ke awon kaya, domin akan sauya musu wuri, musamman lokacin gyare-gyare.

A filin Nnamdi Azikiwe na Abuja abin ya fi sauƙi. Ɓangaren gida da sabon ginin ƙasashen waje, wanda aka buɗe a Disamban 2018, suna harabar guda, ba sai ka shiga cunkoson gari ba. Kano zuwa Abuja ma bai kai awa ɗaya a sama ba, kuma in jirgi ya ƙi tashi da safe, mai jirgin dare yana da sauran damar kama hanya ta mota, ko ta jirgin ƙasa daga Kaduna. Mai zuwa Legas ba shi da wannan mafita. Saboda haka in kamfanin da kake so yana tashi daga biranen biyu, ɗan Arewa ya zaɓi Abuja.

Zaɓen jirgin gida

Jirgi ɗaya yana yin sawu da yawa a rana. In ya makara da minti talatin a sawun farko, jinkirin yana bin sa yana ƙaruwa, kafin yamma ya zama awa biyu ko uku. Shi ya sa jirgin farko na safe ya fi kowane riƙe lokaci. Yana kuma bar maka wata ƙofa: in an soke shi, akwai na rana da za ka nema, ko a kamfanin ko a wani. Wanda ya ɗauki jirgin ƙarshe ba shi da na gaba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana rage nisan gani a filayen Arewa har jirgi ya kasa sauka, kuma jirgin da bai sauka ba ba zai ɗauke ka ba. Da damina kuma hadari da tsawa a Legas suna tsayar da jirage. Wasu ƙananan filayen ba a sauka a cikinsu da dare, to in jinkiri ya kai magariba sai gobe. A irin waɗannan lokuta, da kuma kwanakin Sallah, Kirsimeti da jigilar alhazai, shawarata ka tafi tun ana gobe ka kwana kusa da filin. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sabon tikitin Landan ko Delhi ba.

Daren tafiya

Yawancin kamfanonin waje suna buɗe rajistar shiga jirgi ta intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Ka yi ta da zarar an buɗe, ka ajiye katin shiga jirgin a waya, ka kuma buga shi a takarda. Wannan ba zai hana ka zuwa kanta ba in kana da akwati, ko in ana son ganin bizarka, amma yana nuna wa kamfani kana tafe, kuma sau da yawa akwai gajeren layi na masu ajiye kaya kawai. Ka yi wa jirgin gida ma, ka zaɓi kujera a gaba, ta bakin hanya, ba ta taga ba.

Kaya su ne babban abin da ke cinye lokaci. Wanda ke da jakar hannu kaɗai ya tsallake minti arba'in na jiran akwati da duk fargabar ɓatansa. In tafiyar 'yan kwanaki ce, ka daure ka takaita. In dole sai da akwati, ka tuna nauyin da jirgin gida ke yarda da shi kyauta yakan gaza na jirgin waje, wanda sau da yawa akwati biyu ne masu kilo 23 kowanne. Ka auna a gida, ka biya kuɗin ƙari tun da wuri in kamfanin yana karɓa ta intanet, kada ka tsaya ciniki a kanta. Ka ɗaura wa akwatinka ƙyallen atamfa mai haske a hannu, domin baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya a kan bel.

Fasfo, biza, katin rigakafin shawara mai launin ɗorawa, takardar asibiti ko ta makaranta, adireshin masauki da tikitin dawowa, duk su zauna a ambulan ɗaya a jikinka. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Magunguna, caja, abin ajiye caji na waya da kaya kala ɗaya su shiga jakar hannu. Abin ajiye cajin ma doka ce, ba a sa shi a akwatin da za a auna. Turare, man shafawa da duk wani mai ruwa da ya wuce mililita 100 ya koma akwati, in ba haka ba za a karɓe shi a wurin bincike. Kilishi da dambun nama kuma ka bincika tukuna, domin Amurka da Ingila ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shigar da nama. In kuɗin da ke hannunka ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa, dole ka bayyana wa kwastam, to ka ware wa wannan lokacinsa.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai ƙanƙantarsa, komai kamalar mai ba ka. Jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suna bincike, kuma wanda aka samu abu a jakarsa shi ne mai amsa tambaya.

Ka shirya motar da za ta ɗauke ka tun kafin ka tashi. Ɗan'uwa ko direban da ka sani ya jira ka a bakin fita, ka tura masa lambar jirgi, ka kira shi kafin a rufe ƙofa. In babu, ka riƙe kuɗi a hannu na tasin filin jirgi, domin ranar da kake sauri ita ce ranar da turin kuɗi ta waya ke maƙalewa.

Idan lokacin ya riga ya ƙure

Ga ka zaune a Kano, an ɗaga tashi karo na biyu. Kada ka zauna kana kallon allo. Ɗauko takardar lissafinka ka fitar da lokacin da in ya wuce ba ku tashi ba, babu sauran cim ma jirgin waje. Je ka tambaya ko jirgin da zai ɗauke ku ya taso daga inda yake. In bai taso ba, ka san aƙalla tsawon tafiyarsa da lokacin juyawarsa suna gabanka. Duba ko wani kamfani yana da jirgin da ke ƙasa yana shirin tashi. Sayen sabon tikitin gida yana da zafi, amma shi ne ƙaramar asara.

Da kun shiga jirgi, ka yi wa ma'aikaciyar jirgin bayani cikin ladabi, ka nuna mata katin jirginka na waje. Sukan matsar da mutum gaba in da kujera, ko su ba shi hanya ya fara fita. In ku biyu ne ko fiye, ku raba aiki: ɗaya ya tsaya jiran akwati, ɗaya ya fita ya tsayar da mota. Amma kowa ya riƙe fasfonsa, kuma ku sani a kantar waje sai an ga fuskar kowane fasinja.

In akwati ya ƙi fitowa, ka yanke wa kanka lokaci. Da ya cika, je ofishin kayan kamfanin ka cike takardar rahoto da lambar da aka manna maka a katin shiga jirgi, ka ba da lambar wani ɗan'uwa da zai karɓa, ka wuce. Akwati ana iya aiko maka da shi daga baya.

Da isarka ɓangaren waje, kada ka bi bayan layi ka yi shiru. Nufi ma'aikacin kamfanin da ke tsaye a bakin layi da fasfo a hannu, ka faɗa masa lokacin jirginka. Haka a layin shige da fice da na bincike: roƙi na gabanka da kalma mai daɗi, mutane suna ba da hanya fiye da yadda ake zato. Masu cewa su ba ka hanyar gaggawa in ka ba su wani abu, in ba sa sanye da kaya da katin aiki, ka rabu da su, kuma kada fasfonka ya bar hannunka sai ga jami'i. Kafin ka kai na'urar bincike ka cire agogo, bel, tsabar kuɗi da makulli ka zuba a jaka, ka fitar da kwamfuta. Babbar riga da hula suna da kyau, amma ranar sauri kaftani mara nauyi da takalmi mai saurin cirewa sun fi. Bayan ka wuce, nemi ƙofarka tukuna ka gan ta da idonka, sannan ka nemi ruwa ko banɗaki. Sallah kuwa matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗawa, to ka tsara ta tun daga gida, kada kiran ƙarshe ya same ka kana alwala.

In tafiyar da tsoho ce, ka nemi keken guragu tun lokacin yankan tikiti, ko aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Ba abin kunya ba ne. Mai tura keken ya san gajerun hanyoyi, kuma ana ba su fifiko a layi. Da na san haka a waccan shekara, da kawu bai sha wahalar da ya sha ba.

Idan ka tabbatar ba za ka cim masa ba

Kira kamfanin waje ko ejanka kafin lokacin tashi, ko da kana cikin tasi ne. Canza rana kafin jirgi ya tashi yakan zo da tara da bambancin farashi, amma tikitin yana nan da ransa. In ka bari jirgi ya tashi aka rubuta ba ka zo ba, tarar ta fi yawa, wani tikitin ma ya mutu ke nan har da dawowarsa. Ka nemi kamfanin gida ya ba ka shaidar jinkiri a rubuce, ka adana katin shiga jirgi da saƙonnin da suka turo. Hukumar NCAA, mai sa ido kan harkar jiragen sama, tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a manyan filaye, kuma dokokinta sun tanadi abin da kamfani zai yi wa fasinja in ya jinkirta ko ya soke tashi. A jiragen ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba ka kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce in akwati ya lalace, da kwana 21 in ya makara.

Ranar dawowa

Juyin tafiyar ma yana da nasa tsari. Da ka sauka Legas ko Abuja daga waje, za ka bi ta jami'an lafiya da na shige da fice, ka jira akwati, ka wuce kwastam, sannan ka nufi tashar gida ka sake awo. In manyan jirage biyu ko uku suka sauka lokaci ɗaya da asuba, layin kaɗai yana iya cin awa guda. A nan asarar ba ta kai ta tafiya ba, tunda tikitin gida ya fi araha, amma ka bar awa huɗu tsakani, ka kuma sayi tikitin da ake iya canza masa lokaci. Akwatunanka biyu masu kilo 23 za su fi ƙarfin abin da jirgin gida ke ɗauka kyauta, to ka ware kuɗin ƙari a aljihu.

Wannan tsari ba a Najeriya kaɗai yake ba. Mai zuwa Amurka da zai sauka New York ya wuce wani gari, a ƙa'idar da aka saba a filin farko zai bi ta shige da fice, ya ɗauki akwatinsa, ya wuce kwastam, ya sake miƙa shi, ko da tikitinsa ɗaya ne, sannan ya sake shiga layin bincike. Turaren da ya saya a shagon filin jirgi, in ya wuce mililita 100, ya fi masa kwanciyar hankali ya tura shi cikin akwati a daidai wannan gaɓa kafin ya miƙa, tun bai isa gaban masu bincike ba.